Shida da Arba'in

Juma'a, 10 ga wata, ƙarfe goma na safe

Jiya na dawo gida na tarar an binne ni kwana tara da suka wuce.

Na rubuta layin nan na zauna ina kallonsa ko zai canja. Bai canja ba. Littafin nan na awon kogi ne, cikin waɗanda ofis ke ba mu, a ƙarƙashin katifa na same shi. Shekara goma sha tara aikina ke nan: ƙarfe bakwai na safe in sauka bakin kogi, in duba inda ruwa ya kai a jikin sandar awo, mita nawa da santimita nawa, in rubuta. Ba na iya tunani sai da biro a hannu, shi ya sa na ɗauko shi.

Ga abin da kowa ya sani. Ranar Alhamis, 25 ga watan jiya, ruwa ya zo ya cinye ɗakin awo da rabin gada da unguwannin gangare. Ya tafi da ni. Kwana uku ina kan bishiya, kwana goma sha ɗaya ina kwance da zazzaɓi a rumfar wasu masunta can ƙasan kogi, inda babu waya babu hanya. A rana ta biyar aka tsinci gawa maƙale a cikin rassa, sanye da rigar ruwa rawaya, da sunana a bayanta da baƙin fenti. Fuskar ba ta ganuwa. Yayana ya ga rigar ya ce ni ne. Aka yi sallah, aka kai.

Da na shigo layinmu cikin rigar aro, mai shayi ya saki buta. Matata ba ta yi ihu ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka ci abinci?" sai ta zauna a ƙasa. 'Yan biyuna suka ɓuya a bayan ƙofa. Inna ce ta matso, ta lalubi bayan kunnena har ta sami tabon da na ji tun ina yaro, sannan ta ce wa mutane, "Shi ne. Ku ba shi wuri ya zauna."

Bayan an lafa Yaya ya tambaye ni a gaban kowa, "To wa muka binne? Ya aka yi rigarka ta hau jikinsa?"

Na ce, "A ƙusa na bar ta rataye. Wataƙila wani mai gudun ruwa ya zara."

Kowa ya gyaɗa kai. Abin da na faɗa ke nan.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Takalmana suna ƙafar Yaya. Ya ga na gani, na ga ya gani, muka ci gaba da hira.

Asabar, 11 ga wata, ƙarfe uku na rana

Tun safe ake shigowa. Waɗanda suka zo ta'aziyyata su ne suka dawo yi min barka, a kan tabarmin nan dai. Wani maƙwabci da muka shekara huɗu ba ma gaisawa saboda magudanar ruwa, an ce shi ya fi kowa kuka. Yau ya riƙe hannuna ya rasa inda zai ajiye shi.

Da azahar Tela ta zo. Matar Balbela ce, abokin aikina, tana da shagon ɗinki a bakin kasuwa. Balbela muke ce masa saboda dogayen ƙafafu da son fararen kaya, ga shi kullum yana tsaye a bakin ruwa. Shekara goma sha ɗaya muna ɗaki ɗaya, littafi ɗaya. Ba a gan shi ba tun ranar.

Ta durƙusa ta gaishe ni, fuskarta a sake kamar wadda aka yi wa albishir. Ta ce, "Baban 'Yan Biyu, wallahi dawowarka ta ba ni ƙarfi. Kai da ruwan ya ɗauka ma ga ka. Shi kuwa ai ba ya ma aiki ranar. Da safe ya fita zai kai wa kawunsa magani a ƙauye, can sama. Hanya ce ta yanke, na san yana can ya rasa yadda zai yi."

Na ce, "Allah ya bayyana shi."

Ta ce, "Amin. Ba ka gan shi ba da zai wuce tasha? Ta gaban ɗakin awonku yake bi."

Inna tana zaune a gefe tana jan carbi. Na ce ina ta fama da littafi, ban lura da masu wucewa ba.

Da ta tafi na shiga bayan gida na yi amai. Matata ta ce ruwan kogin ne bai gama fita ba.

Lahadi, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na farka na sa ƙafa ƙasa zan tafi aiki. Shida da arba'in. Ba zan yi maganar rigar ba yau.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kowa yana so in ba shi labarin bishiyar, kuma kowa ya riga ya san yadda yake so labarin ya kasance. Suna so in ce na yi ta kiran sunan 'ya'yana. Ina cewa haka ne, don a bar ni. A nan zan rubuta yadda abin yake.

Ɓaure ne, babba, ruwa ya kai masa wuya. Ba ni kaɗai ba ne a kai. Akwai wata kaza ja, da ɓeraye biyu, da damo, da maciji a reshen da ke saman kaina. Tururuwa kuwa sun yi curi guda, suna hawa kan juna. Kwana uku macijin bai ko kalli kazar ba. Ni ma ban kalli kazar da yunwa ba, alhali cikina kamar an yashe shi. 'Ya'yan ɓauren muka ci, ni da ita da ɓerayen. In rana ta yi zafi duk mu matsa ɓangaren inuwa, in iska ta taso duk mu ƙanƙame.

A rana ta farko ina ihu. A ta biyu na daina. A ta uku ban san ni mai awo ne ba, ban san ina da mata ba, ban san akwai ƙarfe bakwai ba. Ni nauyi ne kawai a kan reshe, kamar damon. Abin da ke ba ni kunya, kuma shi ke ba ni tsoro, ban taɓa samun natsuwa irin ta ranar ba tun da aka haife ni. Babu wanda na yi wa laifi a kan bishiyar nan, domin babu wanda ya san ni.

Da masuntan suka sauko da ni cikin kwalekwale, tsohon cikinsu ya ce, "Bawan Allah, wane ne kai?" Na buɗe baki ban sami sunan ba. Lamba ce ta fito. Suka ɗauka zazzaɓi ne.

Sun ɗauko kazar ma. Ban tambayi abin da ya same ta ba.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je ofis. Akawu ya miƙe, ya rungume ni, ya koma kujerarsa, ya buɗe fayil, ya ce, "A takarda ka rasu. Sai ka kawo shaida."

Na ce, "Ga ni tsaye a gabanka."

Ya ce, "Ni na gan ka. Takardar ce ba ta gan ka ba."

Na yi dariya har sai da ya tsorata ya kawo min ruwa.

Injiniya ya kira ni ɗakinsa. Mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, shi ya koya min aikin nan. Shi ya ce min ranar farko: abin da idonka ya gani za ka rubuta, da biro, ba a gogewa. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta shi, ka rubuta daidai a gefe. Shekara goma sha tara ban ƙara wa kogin nan yatsa ɗaya ba, ban rage masa ba.

Ya ce an kafa sabuwar sanda ta wucin gadi tun washegarin ruwan, in koma awo daga gobe, takarda ta biyo baya. Sai ya juyo da babban littafin ofis ya nuna min. Kowace rana da lambarta, shekara da shekaru, sai gurbi ɗaya fari a ranar 25. Ya ce, "Wannan ramin ne ke damuna. Ruwa ya tafi da littafinku."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Shida da arba'in."

Ya ɗauki biro, sai ya tsaya. Ya ce, "Daga ɗaki ai ba a ganin sandar, tana bayan ginshiƙin gada. Ka sauka ke nan?"

Na ce na sauka.

Ya ce, "Cikin wannan ruwan saman, rigarka tana ƙusa?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. Sannan ya ajiye biron, ya rufe littafin. Ya ce, "Gurbin zai jira. In ka tuna wanda ya yi awon, ka zo mu cike."

Na fito. Na zauna a kan dakalin wani shago har mai shagon ya tambaye ni ko lafiya.

Alhamis, 16 ga wata, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Uku da goma. Kogin ya kwanta, yana tafiya a hankali kamar bai taɓa yin komai ba. Na tsaya ina jiran ya nuna ya gane ni. Ko a jikinsa.

Inda ɗakinmu yake babu komai sai laka da matakala uku.

Juma'a, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Uku daidai.

Tela ta rufe shago. Kullum da safe takan ɗauki hoton Balbela ta bi makarantun da aka tsugunar da waɗanda ruwa ya kora, aji-aji, tana nunawa. Da yamma ta biyo ta nan ta faɗa min inda ta je, kamar ni ne ke riƙe da lissafin. Yau makarantu uku. Ƙafafunta sun kumbura, ta yanke bayan takalminta don ya shiga.

Ta ce, "Wata mata ta ce ta ga mai kama da shi, dogo, da fararen kaya. Gobe zan koma."

Matata ta kawo mata abinci. Ta ci loma biyu ta ce ita ma ta bar nasa a rufe a gida, kullum sai ta dafa da shi, kar ya shigo da yunwa.

Na ce Allah ya sa a dace. Na lura na iya faɗin wannan yanzu ba tare da muryata ta yi rawa ba, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali.

Lahadi, 19 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Biyu da tamanin da biyar.

Na je na ga kabarina. Mai gadin maƙabarta ya ce, "Na wa kake nema?" Na faɗi sunana. Ya raka ni, muna tafiya yana cewa mutumin kirki ne, ma'aikacin ruwa, jama'a sun taru sosai. Ya ce, "Ɗan'uwanka ne?" Na ce mun dai san juna.

Yana can layin ƙarshe kusa da katanga. An kafa ɗan allon ƙarfe da sunana, an rubuta shi daidai, har da ranar. A wajen kai akwai reshen cediya da aka soka a ƙasa, ya fitar da ganye uku sababbi. Ƙasar gindinsa a jiƙe take.

Na tambayi mai gadi wa ke ba shi ruwa. Ya ce, "Tsohuwarsa. Kullum da hantsi, da ɗan bokitinta. Ko yau ta zo."

Ko yau. Kwana goma da dawowata.

Na tsaya a kan kabarin ban iya yin addu'a ba, don ban san da wane suna zan yi ta ba. Wanda ke allon yana tsaye. Wanda ke ƙasa kuwa, na san tsawonsa ba sai an auna ba. Sun ɗan gajarta ramin, da tsawona suka yi aiki.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Na tambayi Inna me ya sa take zuwa har yanzu. Tana tsintar wake, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Reshe ne na dasa, ya kama. In bar shi ya bushe don kai ka dawo? Shi me ya sani?"

Ta ce, "Ni na yi kukana kwana tara, aka dawo min da nawa. Wanda ke kwance a can ɗan wata ne, ko mijin wata. Ita ko fara nata kukan ba ta yi ba. Ina riƙe mata wurin ne kafin ta zo."

Sannan ta ɗago ta dube ni, irin kallon da take min in na dawo daga makaranta da abin da ba nawa ba a aljihu. Ta koma kan wakenta.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Biyu da saba'in. Balbelu sun cika lakar da ruwa ya bari, suna tsintar abinci. Na karanta sandar da sauri na juya baya.

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Biyu da hamsin da biyar.

Matata tana ninke kaya ta ce, "Malam, in faɗa maka wani abu ba za ka ji haushi ba?" Na ce ta faɗa. Ta ce, "Kai ne, na san kai ne. Amma kamar ba ka gama dawowa ba. Ina kiranka sai ka waiwaya kamar wani ake kira a bayanka."

Gaskiyarta. In aka kira sunana sai in ji na allon can ake nufi. An yi wa sunan nan sallah, an yafe masa, an ce mutumin kirki ne mai gaskiya, ba ya ƙara wa kogi yatsa. Duk sun faɗa a zaman makoki, 'yan biyuna sun ba ni labari. Wancan mutumin ya tafi da sunan da shaidar duka. Ni da na dawo, abin da na fara yi da bakina a gidan nan ƙarya ce.

Wani lokaci ina so in koma kan ɓauren. Na faɗa, ga shi a rubuce.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Biyu da arba'in. Wata guda cif.

An sami kawun Balbela a wata makaranta. Ya ce Balbela bai zo ƙauye ba ranar, shi bai ga magani ba, bai ga kowa ba. Na ɗauka yau za ta gane. Da ta shigo na miƙe tsaye, na shirya.

Ta ce, "Ka ga ke nan bai kai ƙauyen ba, ruwan ya same shi a hanya, ya yi ƙasa da shi kamar yadda ya yi da kai. Yana wajen masunta, Baban 'Yan Biyu. Yana kwance da zazzaɓi bai san sunansa ba, kamar yadda ka ce ya same ka."

Da labarina take gina nata. Kowace kalma da na faɗa a kan tabarmar nan ta ɗauka ta ajiye.

Ta ce ta yi magana da wani mai kwalekwale, ranar Alhamis zai tafi da ita ƙasan kogi, rumfa-rumfa, ko zai ɗauki wata guda. Za ta kai yaranta uku gidan ƙanwarta. Ta ce in zana mata inda masuntana suke. Ta miƙo min takarda.

Na zana mata. Da hannun nan na zana, har da ɓauren.

Lahadi, 26 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Biyu da talatin da biyar. Kogin bai gama sauka ba, akwai itatuwa a ƙarƙashi da ba a gani. Kwalekwale biyu sun kife a makon nan. Tela ba ta iya iyo ba.

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Biyu da talatin. Shida da arba'in. Shida da arba'in.

Talata, 28 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na koma shafin farko na littafin nan, inda na rubuta "A ƙusa na bar ta rataye." Na ja layi ɗaya a kai. Ga daidai ɗin a nan, tunda gefen ba zai ɗauka ba.

Rigar ruwa ɗaya gare mu. Tasa ta yage tun bara, ofis bai kawo wata ba, sai muka mai da tawa ta kowa: wanda zai sauka shi zai sa. In kogi yana ruri ba a jin magana, don haka na ƙasa yakan nuna lambar da yatsu, na sama ya rubuta.

Ranar da ruwan ya zo, aikina ne. Ƙarfe bakwai saura na leƙa matakalar na ga yadda ruwan yake, launinsa da ƙararsa, sai na ja da baya. Shekara goma sha tara ban taɓa jin tsoronsa ba sai ranar. Ina tsaye a ƙofa sai ga Balbela zai wuce tasha, da ledar magani a hannu, da fararen kayansa. Ni na kira shi. Na ce gwiwata ta riƙe, ya taimaka ya duba min.

Gwiwata lafiyarta ƙalau.

Ya yi dariya ya ce, "Tsufa ya zo ke nan, Mai Awo." Ya ajiye ledar a kan tebur, ya zari rigar daga ƙusa, ya sauka. Ya leƙa bayan ginshiƙin, ya juyo, ya ɗaga yatsu shida. Ya sauke, ya ɗaga huɗu. Yana dariya har lokacin.

Na sunkuya na rubuta. Da na ɗago babu matakalar.

Abin da ya biyo baya ban gan shi da kyau ba, kuma ba zan rubuta abin da ban gani da kyau ba. Na dai san ban sauka ba. Ina tsaye da biro a hannu har ƙasar ɗakin ta tsage ta tafi da ni.

Laraba, 29 ga wata, ƙarfe tara na dare

Na je shagon Tela. Ta buɗe shi rabi, tana ɗinke bakin wata jaka da za ta tafi da ita gobe. Ta ga ni ta ce, "Baban 'Yan Biyu, shigo mana. Akwai abin da ka manta a zanen?"

Ban zauna ba. Na faɗa mata daga farko har ƙarshe, yadda na rubuta jiya, har da gwiwar. Ƙafarta tana kan keken ɗinkin, sai da na kai rabi sannan ta daina takawa.

Ta ce, "Maimaita."

Na maimaita.

Ta daɗe tana kallon allurar. Sannan ta ce, "Kwana goma sha takwas kana kallona ina yawo."

Na ce, "Haka ne."

"Ina zuwa gidanka ina faɗa maka inda na je. Kana ce min Allah ya sa a dace."

"Haka ne."

"Ka zana min hanya."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta cire jakar daga keken, ta yanke zaren da haƙori, ta ninke ta.

Ta ce, "Ya ji tsoro?"

Na ce, "Dariya yake yi. Yana tsokanata wai na tsufa."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Halinsa ke nan." Sai ta juya min baya ta ce, "Fita min daga shago. Gobe ƙarfe bakwai ka zo ka nuna min wurin. Bayan nan kar ka ƙara gaishe ni sai na gaishe ka."

Daga can na wuce ofis. Injiniya bai tambaye ni komai ba, ya buɗe littafin ya miƙo min biro. Na cike gurbin ranar 25. A wurin sunan mai awo ban sa nawa ba.

Na faɗa wa matata da Yaya da yamma. Yaya ya ce abubuwa da yawa, kuma duk gaskiya ne. Inna ta tashi ta wanke bokitinta.

Alhamis, 30 ga wata, ƙarfe goma na safe

Mu uku muka je, ni da Inna da Tela. Ita tana gaba, ko da yake ba ta san hanya ba, ni ina baya ina cewa dama, hagu. Na tafi da ɗan gwangwanin fenti da buroshi.

Ta tsaya a kan kabarin ta karanta sunana a allon. Ta dubi tsawon tudun ƙasar. Ta ce, "Sun matse shi." Sannan ta durƙusa ta fara kukan da ta yi wata guda da kwana biyar tana riƙewa. Inna ta zauna kusa da ita a ƙasa, ba ta ce ta yi haƙuri ba, ta bar ta.

Da ta lafa na buɗe fentin. Na ja layi ɗaya a kan sunana, yadda za a iya karanta shi. Zan fara rubutu a ƙasa sai ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba. Na ba ta buroshin.

Ta rubuta a hankali, harafi-harafi. Sunansa na yanka da na mahaifinsa. Shekara goma sha ɗaya ina ce masa Balbela, jiya ma sai da na tsaya na yi tunani kafin in rubuta shi a littafin ofis. Ita ta karanta shi a fili sau ɗaya, kamar tana kiransa ya zo ya ci abinci.

Inna ta tura mata bokitin. Ta ce, "Ga shi, 'yata. Rabi da safe ya ishe shi, kar ki cika masa." Cediyar ta yi ganye bakwai. Tela ta zuba ruwan a gindinta, ta riƙe bokitin ba ta mayar ba.

A bakin ƙofa mai gadi ya tare ni, ya ga fenti a hannuna, ya ga allon daga nesa. Ya ce, "Wai kai wane ne?"

Na faɗa masa sunana. Ya fito ba tare da na neme shi ba.

Na isa kogi ƙarfe tara da minti goma. Biyu da goma sha biyar. A gefe na rubuta: an makara, laifin mai awo ne.